RUWA DAGA ISKA: A AUNA KAFIN A SAYA

Tun cikin watan Oktoba na 2025, sa'ad da aka ba wani malamin kimiyya mai suna Omar Yaghi lambar girma ta Nobel tare da waɗansu malamai biyu, zancen tatsar ruwan sha daga iska ya shiga bakin jama'a. Wani ya ce tatsuniya ce irin ta masu tallar maganin ƙarfe, wani kuwa ya ce ai shi ke nan 'yan garuwa sai su nemi wata sana'a. Mun ga ya kamata mu zauna da ku, 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, mu warware zancen nan tun da sauran rana, domin mun san halin ƙasarmu. Duk abin da ya fito sabo daga ƙetare, kafin talaka ya gane kansa wani ya riga ya rubuta takardar kwangila da sunansa.

Da fari dai, abin ba ƙarya ba ne. Akwai ruwa cikin iska, kuma ko wane ɗayanku ya sha ganinsa. Mai sayar da zoɓo mai sanyi ya san yadda kwalba ke yin gumi da damina har ta jiƙa faranti, alhali kuwa ba ta huje ba. Mai gishiri ya san yadda buhunsa ke yin laima a watan Agusta, mai ashana ya san yadda ta ke ƙin kamawa. Manomi da ya yi sammako ya san raɓa a ƙafar wandonsa. Duk abu guda ne. Iska tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani, in ta haɗu da abu mai sanyi sai ta sauke shi. Masana sun ƙiyasta ruwan da ke yawo cikin iskar duniya a ko wane lokaci ya yi wajen ninki shida na wanda ke cikin dukan kogunan duniya. Saboda haka tambayarmu ita ce: a ina ya ke taruwa, a wane wata, kuma nawa za a kashe kafin a cika garwa guda?

Bari mu kai ku inda abin ya yi kyau tukuna. A Amurka ta Kudu akwai ƙasa mai suna Chile, doguwa siririya a bakin teku, arewacinta hamada ce wadda a waɗansu wurarenta a kan yi shekaru ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Amma tekun da ke gefenta mai sanyi ne ƙwarai, saboda haka kusan kullum gajimare ya kan kwanta ƙasa ƙasa a kansa, iska ta turo shi ya bugi duwatsun bakin gaɓa. Mutanen wurin suna kiran wannan hazo kamancaka. In ka tsaya cikinsa rigarka za ta jiƙe ba tare da an yi yayyafi ba. Tun cikin shekarun 1950 wani malami a garin Antofagasta mai suna Carlos Espinosa ya fara gwada kama shi da raga.

A gindin wani dutse da a ke kira El Tofo akwai ƙauyen masunta mai suna Chungungo, mai mutum wajen 300. Ba rijiya, ba rafi, sai motar tanki da ke kawo musu ruwa daga nesa su saya da tsada. A 1987 masanan Chile da na Kanada suka fara kafa raga a kan dutsen. Ba wata raga ce ta musamman ba, irin ta roba ce da masu lambu ke yi wa dashe inuwa da ita. A kafa turaku biyu, a ɗaura ta tsaye kamar an shanya zane, tsawonta mita 12, tsayinta mita 4. Hazo ya ratsa, ɗigo ya maƙale a zare, ya haɗu da ɗan'uwansa ya yi nauyi, ya gangaro cikin indararo, daga nan sai bututu. Ba inji, ba mai, ba lantarki. A 1992 aka ja bututu na wajen kilomita 6 har cikin ƙauyen, mata suka murɗa famfo ruwa ya zubo. Da ragogin suka kai kusan 100, suna ba da wajen lita 15,000 a rana in an yi lissafin shekara, watau garwa 800 da 'yan kai. Mutane suka yi lambuna. Waɗanda suka gudu birni suka fara komowa. Jaridun duniya suka yi ta zuwa ɗaukar hoto.

To, ku saurari ƙarshen labarin, don shi ne ya sa muka kawo shi. Shekara goma bayan zuwan famfon, ragogin da suka rage a tsaye ba su kai goma ba. Iska ta yayyaga saura, ba wanda ya hau ya ɗinke, motar tanki ta komo bakin aikinta. Hukumar Kanada da ta ba da kuɗin aikin ta bi sawu a 2003 don ta san abin da ya faru. Abin da aka tarar shi ne tun farko baƙi ne suka tsara, baƙi suka kafa, mutanen ƙauye ba su ɗauki ragar nan a kan tasu ba ce. Jama'ar garin ta ninka har uku, ba a ƙara raga yadda za ta ishe su ba. Sa'an nan manyan wurin da masu neman ƙuri'a suka shiga cewa ruwan hazo ruwan matsiyata ne, abin da ya dace da gari mai tasowa shi ne babban bututu daga kogi, na kuɗi wajen dala miliyan guda. Aka saki na hannu, aka zauna jiran na alkawari.

Araha ba ta ado, in ji masu magana. Ragar roba da turaku ba su da ƙofar da babban mutum zai zo ya yanke ƙyalle a gabanta, ba su da allon da za a rubuta sunansa, kuma ɗinkin raga ba ya da kamasho. Wanda ya taɓa ganin famfon tuƙa-tuƙa ya mutu a unguwarsu saboda wata 'yar roba da ba ta kai kuɗin goron biki ba, shekara ta zagayo an zo da ganga da algaita an kafa harsashin sabo a gefensa, ba sai mun yi masa tafinta ba. Ba mu ce laifin duka na manya ne ba. Hazo ma ya kan yi yaji, a yi kwanaki bai zo ba, kuma mai iyali yana da gaskiya in ya nemi ruwan da ba ya fashi. Amma maganin wannan babban tanki ne da ƙarin raga, abin da bai kai ushirin kuɗin bututun ba.

Yanzu ku dubi Maroko, nan cikin Afirka. A kudu maso yammacin ƙasar, kusa da garin Sidi Ifni, akwai dutse mai suna Boutmezguida, tsayinsa mita 1,225, yana kallon Tekun Atlantika. Mutanen da ke gindinsa Amazik ne, dangin Buzaye ta wajen harshe, matansu da 'yan matansu su kan yi awa uku ko fiye a rana wajen ɗebo ruwa. Wata ƙungiya ta 'yan ƙasar mai suna Dar Si Hmad, wadda Aissa Derhem, ɗan wannan yanki, da Jamila Bargach suka kafa, ita ta ɗauki aikin. Abin da ya burge mu da su shi ne rashin gaggawa. Tun 2006 suka kafa 'yar ƙaramar raga ta gwaji suna aunawa, shekara bayan shekara, sai 2015 suka buɗe famfo. Da iska ta dame su da yage raga, aka kawo wata iri mai ƙarfi da wani injiniya na Jamus ya tsara, aka gama kafa ta a 2018, faɗinta duka wajen murabba'in mita 1,700, ruwan ya kai ƙauyuka 16.

Kuma ba kyauta a ke sha ba. An sa wa ko wane gida mita, yana biyan ɗan abin da bai fi ƙarfinsa ba, kuɗin yana komawa wajen gyara. An koya wa samarin wurin aikin famfo da na raga. An koya wa mata yadda za su aika da saƙo ta wayar hannu in bututu ya fashe. Da farko waɗansu sun yi ɗari-ɗari da ruwan da bai fito daga ƙasa ba, amma aka bi su a hankali, ba a aiko musu da ɗan doka ba. Raga iri ɗaya ce da ta Chile in an bi asali, hazo iri ɗaya, teku mai sanyi da dutse mai tsawo. Abin da ya bambanta su shi ne a nan masu shan ruwan sun san abin nasu ne.

To, mu fa? A nan ne harshenmu zai iya yaudararmu, don kalma guda mu ke da ita, hazo, ga abu biyu. Hazon Chile da na Maroko gajimare ne, ruwa ne tsantsa. Hazon da ke rufe Kano da Katsina da Damagaram daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga hamada. In ka shanya raga cikinsa wata uku, abin da za ka samu shi ne raga mai datti. Hazo mai ruwa a ƙasar nan sai ka hau tsaunin Mambila ko na Obudu, can kuwa ruwan sama bai taɓa yi musu rowa ba. Saboda haka maganar raga ba tamu ba ce, in wani ya zo muku da ita ku sallame shi da girma.

Saura maganar inji, wanda shi ne za a fi kawo mana talla. Yawancinsu ba kome ba ne illa firiji da aka juya: fanka ta jawo iska, ta bi ta kan ƙarfe mai sanyi, ta yi gumi, a tace a zuba a tanki. Ga lissafin, mai riƙe da mudu ya duba. Ɗauki ɗaki mai mita 4 a tsaye, 4 a kwance, 3 zuwa rufi. A Ikko, ran da a ke zafi mai gumi, ruwan da ke cikin iskar ɗakin nan duka ya ɗan haura lita guda. A Kano da rana tsaka cikin Fabrairu ko Maris, lokacin da laimar iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100, ruwan da ke cikin ɗaki irinsa bai fi cikin kofin shayi ba. Bugu da ƙari, iskar Ikko da ka ɗan sanyaya ta kaɗan za ta saki ruwanta, amma ta Kano a wannan lokaci sai ka sanyaya ta har kusa da ƙanƙara kafin ta ba ka ɗigo. Ba sai mun kira masani ya shaida ba. Leɓenku da ke tsagewa, da faso a dugadugai, da wankin da ke bushewa kafin a gama shanya, sun isa shaida. Ku duba kwalbar zoɓon nan da hunturu, ko gumi ba ta yi.

Watau injin nan zai cika muku tulu a watan Agusta, lokacin da ruwa ke zuba ta indararo kuna neman inda za ku kai shi, sa'an nan ya yi shiru a watan Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe kuma ɗan garuwa ya ƙara kuɗi. Abokin da ke zuwa ran suna ya ɓace ran jinya ke nan.

Sai batun wuta. Ko a inda iska ke da laima sosai, injin kirki ya kan ci yunit guda na lantarki kafin ya ba da lita 2 ko 3. Garwa guda, mai lita 18, za ta ci yunit 6 zuwa 9. Ku da ke sayen katin mita kun san kuɗin yunit, ku da ke tada janareta a rumfa kun fi kowa sanin kuɗin mai, sai ku buga da kanku. Don ku ga girman abin, ƙasashen Larabawa da ke tace ruwan teku su raba shi da gishiri, aikin da duniya ke kira mai tsada, suna samun lita 1,000 da yunit 3 ko 4. Akwai kuma wani iri mai kama da faifan sola wanda ba ya bukatar waya, wani kamfanin Amurka ya sayar da shi a kan wajen dala 2,000 ko wane guda, yana ba da lita 3 zuwa 5 a rana in yanayi ya yi kyau. Gida mai mutum goma, a sha, a dafa, a yi wanka, guda nawa zai saya?

Kada ku ɗauka yau aka fara wannan mafarki. A 1900 wani ma'aikacin daji na Rasha mai suna Zibold ya ga tarin duwatsu a kusa da garin Feodosia, ya ce lalle mutanen da ne suka tara su don kama raɓa, har ya gina nasa. Daga baya masu bincike suka tona suka tarar kaburbura ne. A 1931 wani ɗan Beljiyam mai suna Knapen ya gama gina wata hasumiya ta dutse mai tsayin mita 14 a kudancin Faransa, ya kira ta rijiyar iska. Ba ta taɓa ba da abin kirki ba, domin tulin dutse ba ya hucewa da dare yadda raɓa za ta sauka a kansa. Tana nan tsaye, masu yawon buɗe ido na zuwa kallo.

Za a ce mu 'yan hamayya ne, kome aka kawo sai mun kushe. To, bari mu faɗi abin da ya ba mu sha'awa, mu koma kan Omar Yaghi. An haife shi a Amman ta ƙasar Jodan a 1965, iyayensa Falasɗinawa ne 'yan gudun hijira, ya tashi a gidan da ruwan famfo ke zuwa na 'yan awoyi sau ɗaya a mako ko mako biyu, in ba ka yi sammako ka tara ba ka shiga uku. Wannan ɗan talaka ya san abin da mu ka sani. Ya tafi Amurka yana ɗan shekara 15, ya zama malami a jami'ar Berkeley, ya ƙware wajen haɗa wani irin gari mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Garin nan yana aiki kamar gishirin ɗan kasuwa da damina, sai dai shi ko iska ta bushe yana iya zuƙo ɗan abin da ke cikinta. Da dare a buɗe akwati ya sha iska, da rana a rufe, zafin rana ya kore ruwan ya zama tururi, ya taru a jikin murfi ya ɗigo. A 2017 shi da masanan wata jami'a suka nuna yana aiki a laimar kashi 20 cikin 100. A 2022 aka kai shi wani kwari na hamadar Kalifoniya, wanda ke cikin wurare mafi zafi a duniya, ya ba da ruwa ba tare da lantarki ba.

Wannan iri ne da ya nufi iska irin tamu, muna kuwa yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya. Amma nawa ya bayar a wannan gwaji? Kilo guda na garin ya ba da abin da bai wuce giram 210 ba a yini, watau ƙasa da rabin ledar ruwa. Ga soja a tsakiyar hamada, ko ƙaramin asibiti da ke neman ruwa mai tsabta na haɗa magani, ko ayarin da ya ɓata tsakanin Agadas da Bilma, wannan rai ne guda. Ga unguwa mai gida dubu kuwa, da sauran tafiya. Malamai su ci gaba da bincike, jami'o'inmu ma su nemi garin su gwada shi da iskar Sakkwato. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauki kuɗin harajin mai tebur da mai tireda a yi cinikin biri a sama.

Domin mu ba rashin ruwa ne ya dame mu ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Kano ta san ruwan famfo daga Challawa tun wajen 1930. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ruwa na nan kwance kamar teku, amma yaro na tura kura da jarkoki daga asuba. Kuma akwai wani ruwan na iska wanda ke saukowa da kansa, ba inji ba raga. A shekara mai matsakaicin damina Kano ta kan samu wajen milimita 800 na ruwan sama. Rufin kwano mai mita 10 a tsaye 10 a kwance, irin na 'yan rumfuna kaɗan a jere, yana karɓar lita 80,000. Zubar da na farko mai wanke ƙura da kashin tsuntsu, cire wanda ya fantsame, a ce 64,000 suka rage, garwa 3,500 ke nan. Kafin faifan nan na dala 2,000 ya ba da haka a shekara sai an jera 35. Yanzu ku ɗaga kai ku dubi rufin Kasuwar Sabon Gari, ko ta Kurmi, ko Kantin Kwari. Duk ruwan nan kwata ya ke bi, in kwata ta toshe ya shiga shaguna, 'yan Kwari ba su manta da ambaliyar 2022 ba.

Ba mu ce wannan ma kyauta ba ne. Wuyar aikin tanki ce, don ruwan wata huɗu za a ajiye ya yi wata takwas, kuma lalle ne a rufe shi ruf saboda sauro, a wanke shi ko wace shekara, a tace ko a tafasa na sha. Amma magini na garinmu ya iya gina shi, maƙerin kwano na bakin kasuwa ya iya indararo, kuɗin kuma a nan zai tsaya. In ƙungiyar 'yan kasuwa ce ta riƙe mabuɗi da littafin lissafi, kamar yadda mutanen Boutmezguida suka riƙe nasu, ba za a wayi gari a tarar da shi kamar ragar El Tofo ba.

Saboda haka, in an wayi gari wani ya zo majalisar ƙaramar hukuma ko taron 'yan kasuwa da hoton injin ruwan iska, kada ku yi masa ihu, kada kuma ku yi masa tafi. Ku tambaye shi lita nawa ya ke bayarwa a laimar kashi 15 cikin 100, don lissafin da ke jikin takardar talla yawanci na iska mai laima ne irin ta bakin teku. Ku tambaye shi yunit nawa na wuta ko wace lita ke ci, da wanda zai biya. Ku tambaye shi in matacinsa ya toshe da ƙurar hunturu a wace rumfa za a sami sabo, kuma wane makaniki ne a garin ya iya buɗe shi. In ya amsa duka, sai ku roƙe shi abu guda: ya kawo ɗaya ya dasa a tsakiyar kasuwa ran 1 ga Maris, a ajiye garwa a ƙarƙashinsa, Sarkin Kasuwa ya riƙe mabuɗi har ƙarshen Afrilu. Mu kuma za mu aiko da wakilinmu ya riƙa leƙa garwar ko wace safiya, abin da ya gani mu buga shi a wannan shafi.